Darasi na 9: Yi Wa Fis Mai Tsawo Abin Hawa

Fis shi ne koren waken nan mai 'ya'ya kewayayyu da ake sayarwa tare da karas da kabeji, ana zuba shi a dafa-duka ko soyayyar shinkafa. Shuka ce mai son sanyi. Shi ya sa yake yin kyau a tsaunin Jos, inda ƙasa ta ɗaga kusan mita 1,200 sama da teku. A wuraren da suka fi zafi kuwa, sai lokacin hunturu, a lambu. A shuka shi a Nuwamba ko farkon Disamba, don ya gama 'ya'ya kafin zafin Maris. Da zarar rana ta yi ƙarfi, furen zubewa yake yi.

Iri biyu ne. Akwai gajere, wanda bai cika wuce gwiwa ko cinya ba. Akwai dogo, wanda yakan kai mita ɗaya da rabi zuwa mita biyu, wani har ya fi mutum tsawo. Kafin ka sayi iri, tambayi mai shago wanne ne, ko ka duba jikin takardar. Wannan darasi na dogon ne.

Yadda fis yake hawa

Je ka tsuguna gaban fis ɗin da ya yi mako biyu ko uku da tsirowa, ka dubi ƙarshen ganyensa. Za ka ga wasu siraran zare kore, kansu a lanƙwashe, suna lilo a iska. Da su yake kama abu. Duk abin da zaren ya taɓa, in siriri ne, sai ya naɗe shi tamau. In bai sami komai ba, sai ya kama ɗan'uwansa na kusa, su cukuikuye, su faɗi ƙasa tare.

A nan mutane da yawa suke kuskure. Sun saba da doya, wadda ke naɗe dukan jikinta a jikin sanda, sai su kafa wa fis sanda mai kauri, kowace shuka da tata. Fis ba ya naɗe jikinsa. Zarensa gajere ne, ba zai iya zagaye sandar da ta fi ɗan yatsa kauri ba. Karan dawa ma ya yi masa kauri, ga kuma santsi. Sai mai lambu ya ga sanda a tsaye, fis a kwance gindinta, ya ce iri ne ba kyau. Irin ba shi da laifi. Aikin sanda mai kauri ɗaya ne: ta riƙe igiya. Igiyar ita fis zai hau.

Fis ɗin da ya kwanta kuwa asara ce. Kwanson da ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi, ɓera ya ci wani, wani kuma ya ɓuya cikin ganye har ya tsufa ba a gan shi ba. Ganyen da ya cunkushe, iska ba ta ratsa shi, shi ne yake fara yin farar cutar nan mai kama da an barbaɗa gari.

Kafa turaku da ɗaura igiya

A yi wannan aiki kafin shuka, ko ranar shuka. Kada a bari sai ya girma. Saiwar fis ba ta son a motsa ta, kuma jikinsa ba wuya ya karye.

Nemi gora ko sandunan darbejiya masu tsawon mita biyu da rabi. Kafa ɗaya a kowane ƙarshen fangali, sauran a tsakani, mita biyu-biyu. Kowanne ya shiga ƙasa kamu guda, wato kusan rabin mita, a daddage gindinsa sosai. Inda gara ta yi yawa, a babbaka ƙasan sandar da wuta kafin a binne. Turakun ƙarshe su ne ke ɗaukar nauyi, don haka a tokare kowanne da gwafa daga ciki. Kada ka ce ai fis ba shi da nauyi. In ya cika igiya daga ƙasa har sama, iskar hunturu ba ta samun hanyar wucewa, sai ta tura shi gaba ɗaya.

In da hali, layin ya miƙe daga arewa zuwa kudu, don ɓangare ɗaya ya sami ranar safe, ɗayan ta yamma.

Yanzu sai igiya. Siririyar igiyar rama ta fi, domin tana da kaushi, zaren fis yana kama ta da sauƙi. Ɗaura ta farko a rabin taƙi daga ƙasa. Wannan ta ƙasa ita aka fi mantawa, alhali ita ce ta fi muhimmanci, don tsiron da bai kama komai ba tun yana ƙarami ba ya miƙewa da kyau daga baya. Sauran a jera su sama, taƙi guda-guda, wato kusan santimita 20, har kan turke. A ja kowace ta yi tsauri, a naɗa ta a jikin kowane turke kafin a wuce. Mai kuɗi yana iya sayen ragar waya irin ta kejin kaji ya ɗaura a maimakon igiya. Tana da tsada, amma takan yi shekaru. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya soka busassun rassan itace masu ƙananan reshe da yawa a jere, ban da masu ƙaya.

Shuka layi biyu, ɗaya a kowane gefen igiya. Zurfin rami kamar gaɓa biyu ta yatsa, tsakanin iri da iri yatsu uku.

Bayan ya tsiro

Duk wanda ya kauce, ɗaga shi a hankali ka jingina shi da igiya, da kansa zai kama. Riƙa ba shi ruwa a gindi. Kada a cika masa takin yuriya, domin ganye zai yi ta yi, ya ƙara nauyi, 'ya'ya kaɗan.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki ake fara tsinka. Na ƙasa ne ke fara nuna. Sa hannu biyu: ɗaya ya riƙe jikin shukar, ɗaya ya tsinke kwanson. In ka fizga da hannu ɗaya, za ka yage ta daga igiya. Tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, don in aka bar kwanso ya tsufa, shukar takan daina fure.

Lissafi

Fangalin Malama Ladi mita 10 ne. Turke bayan kowace mita 2, ya zama turaku 6, har da na ƙarshe biyu. Turke yana da mita 2 a saman ƙasa, don haka za ta ɗaura layin igiya 10, kowanne mita 10, wato mita 100. Ta ƙara mita 10 saboda ƙulli da naɗi, sai ta sayi mita 110.

Auna naka fangalin. Rubuta tsawonsa a littafinka, sannan ka fitar da yawan turaku da igiyar da kake bukata, ka kawo aji.