Yadda na gyara tsayawar bidiyon tafsiri da muke watsawa kai tsaye

Alhamdulillah, an rabu da matsalar nan. Tafsirin da muke watsawa daga Agege a Legas, da zarar malam ya fara jama'a sun shigo da yawa sai hoto ya daskare, ƴar da'irar nan ta yi ta juyawa, mutanen Mile 12 da Idi-Araba suna ta kira wai ba sa jin komai.

Da farko mun ɗauka netwok ne, muka canja layi, shiru. Muka ƙara wa saba (kwamfutar da ke raba bidiyon) RAM, wato ma'ajiyar da take aiki da ita, nan ma a banza.

Da na buɗe log (rajistar abubuwan da ke faruwa) na nginx, manhajar da ke miƙa wa masu kallo bidiyon, sai na gano abin. Duk sabon guntun bidiyo na HLS (tsarin da ke yanka bidiyo gunduwa-gunduwa kafin a tura wa masu kallo) da ya fito, wayoyi da yawa ke neman sa lokaci guda kafin ya zauna a cache (ma'ajiyar wucin gadi ta nginx), to kowace buƙata sai ta wuce kai tsaye zuwa babbar saba da bidiyon ke fitowa daga gare ta, ita kuma nauyin ya fi ƙarfinta.

A saitin nginx na sa proxy_cache_lock on, wato buƙata ɗaya ce za ta je ta ɗauko guntun, sauran su jira shi. Fayilolin .ts, wato guntayen bidiyon, na ba su minti 10 a cache, .m3u8 kuwa, wato jerin guntayen, daƙiƙa 1 kacal don kullum canjawa yake, in ya daɗe mai kallo zai maƙale a tsohon jeri. Sai a ffmpeg, manhajar da ke sarrafa bidiyon, tunda firem (hoto) 25 muke a daƙiƙa, na sa -g 50 (cikakken hoto duk daƙiƙa 2) da -hls_time 4 (kowane guntu daƙiƙa 4), na ƙara matakin 240p, wato hoto mara nauyi, saboda masu ƙaramin data, wannan kam ya taimaka sosai.

Na gode wa ɗan'uwan da ya ce in duba log, Allah ya saka da alheri.