Ruwan magarya da hayaƙin tazargade, yadda nake haɗa su

Ganyen magarya guda bakwai ake ƙirgawa, ba a ɗibar sa da hannu kamar garin kuka. Daga Wahbu ɗan Munabbih, ɗaya daga cikin magabata, aka ruwaito wannan hanyar ta maganin sihiri, Ibn Hajar ya kawo ta a littafinsa Fathul Bari, kuma ɗanyen ganye aka ambata. Mu da muke cikin gari, inda bishiyar ta yi wuya, busasshe muke samu, shi ma yana yi.

In kin shiga Kasuwar Kurmi, kada ki karɓi garin da aka ƙulle a leda, don ba ki san abin da aka niƙa a ciki ba. Ki ce a ba ki ganye. Na magarya ƙarami ne, jijiyoyi uku suna tasowa daga gindinsa, bayansa fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Wanda ya koma ja ko yake warin ruma, bar musu kayansu. In ke za ki busar, a inuwa za ki shanya.

Ki daka shi tsakanin duwatsu biyu masu tsabta. Turmi ma ya yi, amma ba wanda ake dakan yaji a ciki ba, in ba so kike mai wanka ya fito yana tsalle ba. Ki zuba a ruwan da zai isa wanka, ki kaɗa da hannu har kumfa ta taso. Sai ki kusantar da bakinki, ki karanta Ayatul Kursiyyu, Ƙul ya ayyuhal kafirun, Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi, kina tofawa. Mai buƙata ya kurɓa sau uku, ya yi wanka da sauran. Ni a cikin baho nake sa a tsaya, a kwashe ruwan a zuba a gindin bishiya, ba na son ruwan da aka yi wa karatu ya bi makwarara.

Hayaƙi kuwa da magariba ake yi, lokacin da ake shigo da yara ɗaki. Sirrinsa garwashi ne: ki jira gawayi ya ci sosai, toka ta rufe shi, sannan ki sa a kasko. Tazargade ɗan tsunkule, habbatus sauda kamar haka, da ƙwayar lubban ɗaya ko biyu. In kika cika, ƙauri za ki samu da tari. Ki zaga kusurwoyin ɗaki, ki bar taga a buɗe, ki fitar da kaskon kafin a kwanta, don garwashi a rufaffen ɗaki kisa yake yi. Jariri da mai asma a fitar da su tukuna.

Akwai masu zuba barkono ko farar wuta wai don aljani ya fita, har su lulluɓe mara lafiya da bargo. Wannan azaba ce kawai, mutum suke shaƙewa. Haka wanda zai ce sai ya ji sunan mahaifiyarki ko ki kawo baƙar kaza kafin ya ba ki turare, boka ne, tashi ki tafi. Yaron da jikinsa ya yi zafi yana fisge-fisge kuwa, asibiti za a fara kai shi.

Sauran kayan ki zuba kowanne a kwalbarsa mai murfi, nesa da murhu. Da damina ki riƙa dubawa, tazargade na saurin yin fumfuna.