Abin da matuƙi zai yi idan inji ya mutu lokacin tashi

Jirgin fasinja mai inji biyu an ƙera shi ne yadda zai iya ci gaba da hawa da inji ɗaya, saboda haka mutuwar inji ita kaɗai ba kasafai take kayar da jirgi ba. Abin da aka yi a daƙiƙun farko shi ne yake yanke hukunci, kuma ya kamata matasan Damagaram masu burin tuƙin jirgi su riƙe wannan tun yanzu.

Aikin yana farawa tun jirgi yana ƙasa. Ka lissafa nauyin jirgi da zafin rana da tsawon titin tashinsa, domin a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Zinder, iska tana yin sako-sako, ƙarfin inji ya ragu, jirgi kuma ya buƙaci doguwar tafiya kafin ya ɗaga. A ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin kamfanin EAS ya zarce ƙarshen titi a Kano, injinansa suka shaƙi ƙura, ya faɗa unguwar Gwammaja.

Daga lissafin nan ne ake fitar da gudun da ake kira V1. Idan inji ya mutu kafin a kai shi, ka taka birki ka tsaya; idan an wuce shi, sai tashi, ko da zuciya tana cewa a tsaya.

Da zarar an ɗaga, injin da ya rage zai karkata jirgin zuwa ɓangaren wanda ya mutu, don haka ka taka fedar da ke juya wutsiyar jirgin ka miƙe shi, ka sassauta hancinsa don kada gudu ya ragu, sannan ka naɗe tayoyi. A nan ne aka yi asara a Tamanrasset ta Aljeriya ranar 6 ga Maris 2003: injin hagu ya lalace, aka bar tayoyi a waje da hanci a sama har fikafikai suka kasa ɗaukar jirgin, mutum 102 suka rasu.

Kada ka yi gaggawar kashe inji sai kai da mataimakinka kun tabbatar da wanda ya lalace, domin a hatsarin wani jirgi a Taipei ta Taiwan a 2015 injin mai lafiyar aka kashe. Idan kuwa ƙaramin jirgi ne mai inji ɗaya, kada ka juya zuwa titi kana ƙasa-ƙasa. Ka sunkuyar da hanci ka nemi fili a gabanka.