Yadda za ka koyar da darasin jahannama a ajin matasa ba tare da ka firgita su ba

Na kwana biyu ina riƙe da ajin matasa a cocinmu nan Zuru, kuma duk ranar da darasi ya faɗo kan hukunci da wutar jahannama sai ka ga malamai suna zamewa, kowa na cewa wane ya yi. Ni karon farko da na yi, na cika ajin da ihun wuta da tsutsa, washegari sai ga wata mama a ƙofar gidana wai "Malam, me ka gaya wa ɗana ne, tun jiya ya ƙi zuwa kusa da murhu?" Daga ranar na sauya salo.

Kar ka fara da wuta, fara da abin da Allah ke so. Sa yaro ɗaya ya buɗe Ezekiyel 33:11 inda Allah ya rantse da ransa cewa ba ya jin daɗin mutuwar mugu, shi dai mugun ya bar hanyarsa ya rayu. Wani ya karanta 2 Bitrus 3:9, cewa jinkirin Ubangiji haƙuri ne don ba ya so kowa ya hallaka. Su karanta da bakinsu, ko da suna in-ina kar ka karɓe.

Sai kalmar kanta. Jahannama asalinta sunan wuri ne, Kwarin Hinnom a kudancin Urushalima, inda mutanen Yahuza suka riƙa ƙona 'ya'yansu hadaya ga gunki Molek har sarki Yosiya ya ƙazantar da wurin, yana nan a 2 Sarakuna 23:10. Ka ga da Yesu ya ambace ta a Markus 9 masu jinsa sun san kwarin da idonsu. Ka kuma nuna musu Matiyu 25:41, wutar nan don Iblis da mala'ikunsa aka shirya ta. A wannan surar ne ake ware tumaki da awaki, kuma yaranmu da ke kiwo ba sa buƙatar dogon bayani a nan, abin da zai ba su mamaki shi ne abin da aka yi wa mutanen shari'a a kai: yadda suka yi da mai yunwa, baƙo, marar lafiya, na kurkuku.

Kar ka sassauta har ya zama kamar babu hukunci, Wahayin Yahaya 20 na nan da farin kursiyi da littattafai a buɗe da tafkin wuta. Amma in akwai 'yan sakandare masu waya a ajin, gara su ji daga bakinka cewa Kirista ba su haɗu kan kowane bayani ba. Mafi yawan ikilisiyoyi, har tamu, sun tsaya kan azaba ta har abada kamar yadda Agustin, babban malamin ikilisiya na dā, ya koyar. 'Yan Adbentis sun ce mugaye ƙonewa za su yi su ƙare. Wani malamin ikilisiya mai suna Orijin a ƙarni na 3 ya yi fatan a ƙarshe kowa zai dawo, ikilisiya ba ta karɓa ba. 'Yan Katolika kuma suna da furgatori, wanda tsarkakewa ce ga waɗanda suka riga suka tsira, ba jahannama ba ce, don Allah kar ka yi musu ƙage. Minti biyar ya isa, ka faɗi matsayin cocinku ka wuce.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambayoyi. A ƙasar nan tamu gida ɗaya za ka samu Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya, to dole wata ta ɗaga hannu ta ce "Malam, kakana da ya rasu bai taɓa shiga coci ba, yana wuta ke nan?" Kar ka yanke, ba kai ne alƙali ba. Ni ina kai su Farawa 18:25 ne, inda Ibrahim ya ce Mai shari'ar dukan duniya ai zai yi daidai, sannan in tambaye ta wane irin mutum ne kakan, ta ɗan ba mu labarinsa.

Ta biyun ta fi zafi. Akwai yaran da 'yan bindiga suka koro iyayensu daga ƙauyukan Danko Wasagu, ɗayansu ya taɓa ce mini idonsa jajur, "yanzu wanda ya kashe babana in ya tuba shi ke nan?" Ranar ban yi saurin buɗe aya ba, na bari ya gama. Daga baya muka karanta Yunusa 4, annabin da ya yi fushi har ya roƙi mutuwa saboda Allah ya ji tausayin Nineba mai mutum fiye da 120,000, ya fita bayan gari ya kafa rumfa yana jiran ya ga abin da zai sami birnin. Yaron ya ce shi ma da haka zai yi. Na ce na sani. Ka gaya masa tuba ba ta hana hukuma hukunta mai kisa, kuma kar ka matsa masa sai ya furta yafiya a gaban aji, wannan aikin Baba Fasto ne da dattawa, a gida, a hankali.

In lokaci ya rage ku rufe da ɓarawon da ke kan gicciye a Luka 23, sai ka tsaya bakin ƙofa bayan addu'a kar ka ruga sujada, masu ainihin tambaya sai kowa ya watse suke matsowa.