Babi na Shida: Cike Takardar Tallafin Noma

Darasi na 1: Kyauta ce ko bashi?

Sannunku da ƙoƙari, iyayena da 'yan'uwana. Kowa ya fito da littafinsa da fensir. Yau za mu koyi cike takardar nan da malamin gona yake kawowa gab da faɗuwar damina.

Kuɗin takin gwamnati daga kasafin kuɗi yake fitowa, wato lissafin abin da gwamnati za ta kashe a shekara. A 2003, a birnin Maputo na ƙasar Mozambique, shugabannin Afirka suka yi alkawarin bai wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafinsu. Gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta kai nan ba. Abin rabon kaɗan ne, masu nema kuma da yawa, don haka kuskure ɗaya a takarda ya isa a tsallake mutum.

Ku rubuta kalmomi uku: kyauta, rangwame, rance. Kyauta ba a biya. Rangwame, ka biya wani kaso, gwamnati ta cika sauran, kamar a 2012 da ake aiko wa manomi saƙo a waya ya je ya karɓi buhu biyu a rabin farashi. Rance kuwa bashi ne. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 rance ne, amma da yawa sun ɗauka rabo ne, sai da lokacin biya ya yi ido ya raina fata. Kafin ka dangwala yatsa, ka tambaya: "Malam, wannan kyauta ce, rangwame ne, ko rance?"

Darasi na 2: Lamba goma sha ɗaya

Nan ne ake faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe.

Takardar za ta nemi lambar wayarka, da lambar katin ɗan ƙasa da ake kira NIN, wani lokaci har da lambar banki, BVN. Kowacce lamba 11 ce. Ba 10 ba, ba 12 ba. Ta waya da sifili take farawa, kuma sifilin nan shi ma lamba ne, kada ka bar shi.

Ka ɗora katinka kusa da takardar. Kada ka rubuta da ka. Sa yatsan hannun hagu a ƙarƙashin lamba ta farko, ka rubuta ta a akwati na farko. Akwati ɗaya, lamba ɗaya. Matsar da yatsa, ka rubuta ta biyu. In ka gama, ka ƙirga da babbar murya: ɗaya, biyu, uku, har goma sha ɗaya. In akwati ya rage babu komai, alama ce ka tsallake wata. In lamba ta rage babu akwati, alama ce ka maimaita wata. Goge, ka sake. Babu kunya a gogewa, don haka muka fara da fensir.

Akwai wani dattijo a ajinmu na bara. Rubutunsa ya fi na kowa kyau. Lambarsa tana da 7 biyu a jere, ya rubuta ɗaya. Ranar rabo ya yi sammako, ya wuni a layi cikin rana da kuɗinsa a aljihu, aka duba ba a ga sunansa ba. Na ga lokacin da ya juya kekensa babu buhu. Abin ya tsaya mini a rai.

To, a sake. Yatsa a kan kati. Akwati ɗaya, lamba ɗaya. Ƙirga. Ku kula da 6 da 9: cikin 6 a ƙasa yake, kan 9 a sama. Ku kula da 1 da 7: 7 tana da hula.

Sunan ma haka. In katinka ya ce Muhammad, kada ka rubuta Mamman don haka ake kiran ka a gida. Harafi da harafi, yadda yake a kati.

Na faɗa na ƙara faɗa, amma har yanzu wasu kan zo aji babu kati, su ce ai sun haddace. Haba jama'a! Haddar nan ce take kayar da ku. Wasu kuma su miƙa wa yaro a bakin layi ya cike musu, ba su duba ba. To me ya kawo ku aji? Wanda bai san lambarsa ba ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, NIN za ta fito. Ta BVN kuma *565*0#. Ana cire 'yan kuɗi kaɗan. Kuma lambar sirri ta katin cirar kuɗi ba a ba kowa, ko wa ya ce shi ne.

Yanzu kowa ya rubuta lambarsa sau biyar, ya ƙirga kowacce.

Darasi na 3: Girman gona

Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi. Rubuta gaskiya, don ana iya zuwa a auna. Buhun taki kilo 50 ne. Buhun kamfa za ka ga an rubuta NPK a jikinsa, na yuriya kuma an rubuta 46.

Darasi na 4: Takardar gona

Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Gonar karkara kuwa, ƙaramar hukuma ce take ba da izinin riƙe ta. In ka sayi gona ko ka karɓi jingina, a rubuta, da shaidu.

Aikin gida: lambarka sau goma. A zo da kati.