Gwiwar da ta fara tsufa: abin da ke faruwa da ƙashinta da yadda za a lallaɓa ta

Ƙasusuwa uku ne ke haɗuwa a gwiwa: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba. Bakin kowanne a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, kaurinsa milimita 2 zuwa 4 a mafi yawan wurare. Jini ba ya ratsa guringuntsi. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, kuma sai gwiwa ta motsa ruwan ke shigarsa. Shi ya sa zama wuri ɗaya ke cutar da shi.

Da shekaru suka ja, guringuntsin yakan tsattsage ya sirance, kuma wanda ya zaizaye ba ya dawowa. Ƙashin da ke ƙarƙashinsa, da nauyi ya koma kansa, sai ya yi tauri, gefensa ya fitar da 'yan tsiro. Su ne ke sa gwiwar dattijo ta yi kauri ta ƙi miƙewa sosai. Ɓangaren ciki ya fi ɗaukar kaya, don haka shi ke fara cinyewa, ƙafa ta lanƙwashe kamar baka. Ga mata akwai ƙari: bayan ɗaukewar al'ada ƙashi na saurin rasa ƙarfi.

Alamar wannan ciwo, wanda aka fi kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, ita ce sagewa da asuba wadda ke sakewa kafin minti 30, da ƙara in an lanƙwasa, da zafi wajen tashi daga tabarma ko sujada. Da hunturun Katsina mutane da yawa sun fi jin ta.

Aikin farko shi ne ƙarfafa tsokar gaban cinya, don ita ke rage wa ƙashi bugu. A kwanta rigingine, a lanƙwasa ƙafa ɗaya, a miƙe ɗayar a ɗaga ta kamar taki ɗaya daga ƙasa, a ƙirga biyar, a sauke a hankali. Sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma. Sai tashi daga kujera da komawa ba tare da dafawa ba, sau 10. Gajiyar tsoka ba laifi ba ce. Amma in gwiwa ta kwana a kumbure, an wuce ƙima, a rage rabi. Ana bukatar makonni 6 zuwa 8 kafin a ga bambanci, kuma a nan ne yawanci ake sarewa.

Sai nauyi. Kilo ɗaya da aka rage a jiki yana rage wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Sanda kuwa a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta: ciwo a dama, sanda a hagu. Da yawa suna yin akasin haka. Dogon tsuguno a masai ko gaban murhu yana danne ƙoƙon gwiwa, a nemi kujerar ba-haya, a ɗaga wurin girki. Wanda sujada ta gagara, malamai sun yi bayanin salla a zaune.

Nono, kindirmo da zogale suna ba ƙashi sinadarin kalsiyam, hasken rana kuma ke taimaka wa jiki ya tsotse shi, abin da ya kamata matan da ba sa fita tsakar gida su lura da shi.

Hattara da ƙullin magungunan da ake haɗawa a kemis. Diclofenac da ibuprofen in aka daɗe ana sha suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su tayar da hawan jini. Prednisolone da dexamethasone kuwa suna kwantar da zafi, amma suna cinye ƙashin da ake son cetowa. Maganin ciwo na shafawa ya fi sauƙin illa. Tsaga da ƙaho ba sa isa cikin gaɓa, sai dai su buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

In gwiwa ta yi zafi rau ta kumbura tare da zazzaɓi, ko ta kasa ɗaukar mutum bayan faɗuwa, a tafi asibiti ranar. In hoto za a yi, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a tsaye ya fi dacewa a ɗauka, domin a kwance tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan kan nuna ta fi yadda take.