Darasi Na Tara: Littafin Biki da Adon Amarya

Ranar da aka sa ranar auren 'yarki, ki aika a sayo miki littafi mai shafi arba'in da biro. Kafin turmi ɗaya na atamfa ya shigo gidan, littafin nan ya riga shi shigowa. Rubutun da kika sha wahalar koya a ajin nan, yau ranar amfaninsa ta zo.

A shafin farko ki rubuta ranar ɗaurin aure, ta watan Musulunci da ta watan bature, ki ƙirga makonnin da suka rage. Shafi na biyu na kuɗin da ke hannu ne: kwasar adashe, kuɗin akuyar da aka sayar, abin da mahaifinta ya bayar. Gudummawar da ƙawa ta yi alkawari ba ta shiga wannan shafin sai ta iso tafin hannunki. Gidaje da yawa sun ci bashi ne saboda sun yi lissafi da kuɗin da ke aljihun wasu.

Wajibi da al'ada

Ki ja layi a tsakiyar shafi na uku. A dama ki rubuta abin da aure ba ya ƙulluwa sai da shi: waliyyi, shaidu biyu, sadaki, da siga, wato kalmomin neman aure da bayar da shi. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato zinare giram 1 da ɗan ɗoriya, kuma haƙƙin amarya ne ita kaɗai. A hagu ki rubuta lefe, kamu, sa lalle, anko, jere da gara. Waɗannan al'adunmu ne, muna son su, amma ana iya rage su daidai ƙarfin gida.

Gwajin jini kuwa kada a bar shi sai an raba goro. A jihar Kano an sa hannu a dokar gwaji kafin aure a shekarar 2024. Idan saurayi da budurwa duk jininsu AS ne, kowane ciki da za ta ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar ɗa mai sikila. Duk wadda ta taɓa kwana a asibiti da yaro yana kukan ciwon ƙashi ba za ta ɗauki wannan magana da wasa ba.

Kayan da amarya za ta sa

Nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Ki zaunar da amarya ku ƙirga zaman da za a yi, kowane zama da kaya ɗaya: atamfa ranar kamu, leshi ko shadda ranar wuni, lafaya ko alkyabba daren kai ta ɗakinta. Turmin atamfa yadi 6 ne, leshi kuwa yawanci yadi 5 ake yankawa. Idan kin shiga Kantin Kwari ko kasuwar garinku, ki tambayi farashi a shago uku, ki rubuta, sannan ki ciro kuɗi. Ki fito da zanen bakin ƙofa ki duba shi a hasken rana, domin fitilar shago tana ƙara wa launi kyau.

Ki kai wa tela ɗinki da sauran mako shida, kuma ki guji ƙarshen azumi, lokacin da ɗinkin Sallah ya cika masa shago. Ki ba shi rabin kuɗi, ki rubuta ranar karɓa a gabansa. Da kayan sun dawo, amarya ta sa su a ɗaki, ta zauna, ta ɗaga hannu, ta durƙusa har ƙasa. Ranar biki za ta durƙusa gaban iyaye da surukai ba sau ɗaya ba. Rigar da ta yi kyau a hoton waya amma ta hana ta numfashi, ko ta bayyana abin da kakarta za ta kau da kai, a mayar wa tela ya buɗa ta tun da sauran lokaci. Haka ɗaurin kallabi: idan ya matse goshi, kafin la'asar ciwon kai ya kama ta.

Fata da lalle

Gyaran jiki irin na mutanen Borno, dilka da halawa da turaren wuta, yana son kwanaki, ba a fara shi ana gobe biki. Man bilicin kuwa ina roƙonki ki hana. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa, domin wasu na ɗauke da sinadaran da ke ƙona fata, har su taɓa ƙoda. Baƙar amarya da ta sha dilka, fatarta na sheƙi, ba ta da abin da za ta nema a wurin mai.

Jan lalle na ganye ba ya cika cutarwa. Baƙin ne abin lura, saboda sau da yawa ana haɗa shi da maganin rina gashi, kuma wasu fatarsu ba ta ɗaukarsa. Zanen fulawar nan da aka yi sha'awa sai ya tashi ya zama ƙuraje masu ruwa tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ki sa mai lalle ta ɗiga kaɗan a cikin damtsen amarya da sauran mako guda, a jira kwana biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a tsaya a kan jan lalle. Mai kwalliya ma ta gwada hodarta a fuskar amarya tun kafin ranar, a duba ko launin fuska ya yi daidai da na wuya.

Aikin gida

1. Rubuta abubuwa huɗu da aure ba ya ƙulluwa sai da su.
2. A ce kina da naira 300,000. Kin ware 120,000 na abinci, 95,000 na ɗinki, 25,000 na lalle da kwalliya. Nawa ya rage?
3. Rubuta wa tela takarda mai layi uku: irin ɗinkin, kuɗin da kika ba shi, da ranar karɓa. Ki zo da ita aji mako mai zuwa mu karanta tare.